A Ina Ake Ɗaura Igiya Idan Za a Kayar da Bishiya da Winci?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon saran bishiya a cikin unguwa ya san yadda abin yake tafiya. Turare ne ko darbejiya ta yi tsawo ta rinjaya kan katanga, mai gida ya kira mai zarton inji, a jingina tsani, yaro ya hau ya ɗaura igiya daidai inda hannunsa ya kai, mita 3 ko ƙasa da haka. Sai a tara samari shida su riƙe ɗaya bakin. Zarto ya shiga, a fara "ku ja, ku ja!", jijiyoyin wuya su tashi, amma bishiya ko gezau, wani lokaci ma ta koma baya ta danne zarton. Daga nan sai a ce samarin ba su ci tuwo ba. Alhali wurin da aka ɗaura igiyar ne ya cinye ƙarfinsu.

Wannan jagora ta wanda ya riga ya iya riƙe zarto ce, ya san yankan baki (ɓarin da ake cirewa a gefen da bishiya za ta faɗi) da yankan baya (wanda ake yi ta ɗaya gefen don a sake ta), yana kuma son ya kai bishiya inda ba nan ta nufa ba. Injin da nake magana a kai winci ne na hannu, irin Tirfor na kamfanin Tractel, wanda ma'aikatan wuta ke ɗame waya da shi. Akwai mai jan kilo 800, da mai 1,600, da mai 3,200. Da na tsakiyan zan yi misali. In ba ka taɓa kayar da bishiya ba, kada ka fara koyo a kan wadda ta sunkuya kan ɗakin mutane.

Abin da tsayi yake saya maka

Je ka wurin mai faci lokacin da yake kwance tayar babbar mota. In noti ya cije ba ƙato yake nema ba, bututu yake zura wa sifana ya ƙara mata tsawo, sai ka ga ɗan yaro ya taka ya kwance shi. Bishiya ma haka take. Notin shi ne mariƙi, wato ragowar itacen da ake bari ba a yanke ba tsakanin baki da yankan baya, wanda bishiyar ke juyawa a kansa kamar ƙyaure a jikin ƙofa. Sifanar kuwa ita ce gangar jiki, daga mariƙi zuwa inda ka ɗaura. Ƙarfin juyin da kake samu shi ne ƙarfin ja sau tsayin ɗauri. Tan 1 a mita 2 ya ba ka 2. Tan 1 ɗin nan a mita 10 ya ba ka kusan 10, da inji ɗaya da mutum ɗaya.

Akwai abu na biyu da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina ya fi na farko hatsari. Duk abin da winci ya ja, mariƙi ne yake tare shi a ƙasa. In ka ɗaura ƙasa-ƙasa har sai da ka ja tan 3 kafin bishiya ta motsa, to tan 3 ɗin nan yana neman fizge gindin daga kan kututture, kuma abin da ke hana shi ɗan siririn itace ne da kaurinsa bai wuce yatsu uku ba. Idan ya yanke, gindi ya zame gaba, kan bishiyar kuma ya tafi baya, daidai kan ɗakin da ake ƙoƙarin tsarewa. Wanda ya ɗaura sama yana jan rabin tan kawai, mariƙinsa ma rabin tan yake ɗauka.

Mataki na farko: auna ta tun ba ka taɓa igiya ba

Abu uku kake nema: tsawonta, karkatarta, da nauyinta.

Tsawo da sanda ake samunsa. Riƙe sanda a tsaye, hannunka a miƙe, ka bar abin da ke saman dunƙulen hannunka ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin idonka da hannun. Yi ta ja da baya har gindin bishiya ya zo daidai hannunka, ƙololuwarta kuma daidai kan sandar. Daga inda kake tsaye zuwa gindinta, tsawonta ke nan. Sa alama a ƙasa, don nan ne kanta zai sauka.

Karkata kuma da zare mai dutse, irin na magina. Tsaya nesa, a gefe, yadda inda kake son ta faɗi zai kasance hannunka na dama ko na hagu. Ɗaga zaren ka saita shi da tsakiyar nauyin bishiyar, ba ƙololuwa ba, wurin da ido ya ba ka cewa rassa da gangar jiki sun daidaita. Wani ya tsaya inda zaren ya nuna a ƙasa. Sai ka auna daga wurinsa zuwa inda mariƙi zai kasance. Lura, mariƙi yana gaban kututture ne, ba tsakiya ba, saboda haka ko bishiyar da ke tsaye ƙyam tana da ɗan nauyi a bayan mariƙi. Maimaita awon daga gaba, don ka ga ko tana da karkatar gefe. Ido kaɗai maƙaryaci ne a wannan aiki, musamman in ƙasar wurin gangare ce.

Nauyi ƙiyasi ne, amma ƙiyasi ya fi babu. Mu ɗauki turare mai tsawon mita 18, kaurinsa daidai ƙirjin mutum santimita 50, wato in ka zagaya shi da awo za ka samu kusan 157. Faɗin fuskar yankansa kusan mita murabba'i 0.2 ne. Sau 18, a raba biyu saboda yana sirancewa sama, ya ba ka mita kubik 1.8. Ɗanyen turare yana kai tan 1 ko ya ɗan ɗara a kowace mita kubik, to kusan tan 2 ke nan, ka ƙara rassa da ganye ya zama 2.5. A ce zarenka ya nuna cibiyar nauyin tana mita 1.2 a bayan mariƙi. Tan 2.5 sau 1.2 ya ba ka 3. Wannan 3 ɗin shi ne ƙarfin da bishiyar ke ja da shi zuwa baya. Ni ninka shi nake yi ya zama 6, domin mariƙi da kansa yana turjiya kafin ya lanƙwasa, iska na iya tasowa, kuma ƙiyasina na iya yin ƙasa.

Kafin ka bar gindin, buga shi da ƙeyar gatari ta kowane gefe. Lafiyayyen itace amsawa yake a dunƙule, mai kogo kuwa kamar ganga. Duba hanyar gara, duba zuma a cikin rami, duba ƙusoshin da masu talla suka bubbuga. Sannan batun izini: a Nijar gawo yana cikin itatuwan da doka ta kare, a Najeriya ma ya kamata ka ji ta bakin malamin daji kafin ka sa zarto, ko da bishiyar a ƙofar gidanka take.

Mataki na biyu: zaɓen wurin ɗauri

Yanzu raba 6 ɗin nan da tsayin da kake tunani, ka ga abin da winci zai ja. Lissafin ya ɗauka wincin yana nesa, mita 36 daga gindi.

A mita 2, tan 3. Ya fi ƙarfin injinka kusan ninki biyu. A mita 4, tan 1.5, yana bakin iyakarsa, ba ka da rara ko kaɗan. A mita 8, kilo 770. A mita 12, kilo 530. A mita 15, kilo 430.

Dubi jerin nan da kyau, don duk maganar a cikinsa take. Daga mita 2 zuwa 8 ka sauke wa injinka fiye da tan 2. Daga 12 zuwa 15 kuwa kilo 100 kacal ka rage. Mitocin farko su ne masu riba, na ƙarshe ba su biyan wahalarsu, har ma suna zuwa da nasu sharrin.

Sharri na farko shi ne sirantaka. Ƙarfin itace wajen jure lanƙwasa ba ya raguwa daidai da kauri, faɗuwa yake yi warwas: in kauri ya ragu da rabi, ƙarfin ya koma kashi 1 cikin 8. Ka ɗaura a siririn sama, sai ka yi ta ja kana ganin kai yana sunkuyowa kamar baka, gindi kuwa bai san ana yi ba. Ƙarfinka yana taruwa a cikin lanƙwasar. Ko dai ta karye ƙasa da ɗaurin, guntun ya faɗo kan mai zarto, ko kuma mariƙi ya saki gaba ɗaya bishiyar ta yi tsalle. Na biyu, gwargwadon tsayin ɗauri gwargwadon igiyar da za ka haɗiye kafin bishiya ta miƙe nauyinta ya tsallake mariƙi. A misalinmu, ɗaurin mita 12 yana bukatar a ja fiye da mita ɗaya da rabi, na mita 4 kuwa bai fi santimita 60 ba, ga shi Tirfor 'yan santimita kaɗan yake ci a kowane bugu. Wannan ba matsala ba ce in ka san da ita, amma ka tabbata akwai ragowar waya a gaban injin, kada ta ƙare bishiya tana tsakiyar hanya.

Shi ya sa masu aikin itace a cikin gari suke cewa kashi 2 cikin 3 na tsawon bishiya. A turarenmu mita 12 ke nan. Ni kuwa na fi son a ɗauke shi a matsayin iyakar da ba a wucewa: tsakanin rabin tsawo da kashi 2 cikin 3, sama da cibiyar nauyi, a jikin uwar gangar ba reshe ba, a wurin da kauri bai gaza santimita 20 ba. In ka samu gwafa mai kyau a mita 10 da wata 'yar siririya a mita 13, ɗauki ta 10 ka huta.

Za ka iya cin karo da masu cewa mita 5 ta isa, kuma ba ƙarya suke yi ba, yanayin aikinsu ne daban. Ma'aikatan daji a Jamus suna da wata dabara da aka sa wa sunan garin Königsbronn, inda suke tura igiya da doguwar sanda zuwa mita 5 ko 6 suna tsaye a ƙasa. Amma wincinsu a jikin tarakta yake, yana jan tan da dama, kuma suna da jadawali da ke nuna musu ƙarfin da ake bukata gwargwadon kaurin bishiya, karkatarta da tsayin ɗauri. In lissafi bai ba su ba, su ma sama suke ƙarawa. Kai da ke da injin hannu, tsayi shi ne taraktarka.

Bishiyoyin da ba sa bin wannan ƙa'ida

Darbejiya ce ta farko. Gangarta gajera ce, ba ta nisa take rabuwa, nauyinta duk yana cikin rassa masu faɗi. Kashi 2 cikin 3 na tsawonta cikin ƙananan rassa zai kai ka. In ka ɗaura a reshen gefe, ko dai ya tsage daga gwafa, ko ya murɗa bishiyar ta juya a kan mariƙi ta faɗi a karkace. Abin yi shi ne a fara rage rassan da ke bayan, waɗanda ke jan ta zuwa inda ba a so. Kowane reshe da aka sauke ya rage 6 ɗin nan na lissafi. Sannan a ɗaura a reshe mafi kauri da ya miƙe sama daga tsakiya, ko kuma daidai ƙarƙashin babbar gwafa. Mangwaro ma haka.

Bishiya mai kai biyu, wadda ta rabu gida biyu masu kauri ɗaya: duba mahaɗar. In matsattsiya ce, ɓawo ya shige ciki, to haɗin na jeka-na-yi-ka ne. Ɗaura ƙasa da mahaɗar, ko ka fara haɗe kawunan biyu da sarƙa ko ɗamara mai ƙarfi kafin ka ja ɗaya.

Busasshiya ita ce wadda na fi tsoro. Ba ta lanƙwasa, ba ta gargaɗi, karyewa kawai take yi. Sauko da ɗaurin zuwa rabin tsawo ko ƙasa kaɗan, inda itacen yake da sauran ƙwari, kada kowa ya hau ta, kuma kada a ja ko sau ɗaya mai zarto yana ƙarƙashi. Mariƙinta ma ba abin dogaro ba ne, busasshen itace ɓallewa yake maimakon ya tanƙwaru. Kuka kuwa naman jikinta kamar soso yake, ba ya ba da mariƙin kirki, rimi kuma sai an fara sassaƙe fikafikan gindinsa. Waɗannan biyun, in suna kusa da gini, a sauke su guntu-guntu daga sama. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Mataki na uku: kai igiya sama

Ba sai an hau ba. Samu siririyar igiya mai santsi, mita 40 zuwa 50, ka ɗaura mata 'yar jakar yashi mai nauyin giram 300 zuwa 400. Zuba ta a bokiti don kada ta harɗe. Lilo jakar ka wurga ta ta tsallake gwafar da ka zaɓa, ko ka harba ta da babban danƙo. Za ka yi kuskure sau biyar ko goma, ba komai. Abin lura shi ne igiyar ta zagaya uwar gangar, gwafar aikinta kawai ta hana ta zamewa ƙasa. In ta rataya a reshen shi kaɗai, sauke ka sake jefawa.

Da siririyar za ka jawo babbar. Hanya biyu ce. Ko ka yi zarge, ƙaramin ƙulli mara zamewa da aka zura doguwar igiyar a cikinsa, ka ja ya hau ya shaƙe gangar a sama. Ko kuma igiyar ta haye gwafa ta sauko ta bayan bishiya ka ɗaure ta a gindi, sama da inda zarto zai bi. Ta biyun ta fi sauƙin kwancewa, amma tana ɗora wa gwafar nauyi fiye da abin da winci ke ja, don igiyar tana danna ta ta fuska biyu. In gwafar ba ta cika ba, yi zarge. Ko wanne ka yi, igiyar ta fito daga tsakiyar gangar tana kallon inda za a ja.

Shuɗiyar igiyar roba ta kasuwa ba ta wannan aiki ba ce. Rana tana cinye ta, tana miƙewa kamar danƙo, in ta tsinke kuma bulala ce. Nemi igiya mara miƙewa wadda aka rubuta ƙarfinta, ka tuna ƙulli kaɗai yana rage mata kashi ɗaya cikin uku, wani har rabi. Kowane abu da ke cikin layin, igiya, ɗamara, ƙarfen haɗi, ya zama ya fi injin ƙarfi nesa ba kusa ba.

Mataki na huɗu: inda winci zai zauna

Tsayin ɗauri da nisan winci tare suke aiki. Igiyar da ta sauko a tsaye-tsaye rabin ƙarfinta ƙasa take danna bishiya maimakon ta jawo ta. Ɗaurin mita 12, in winci yana mita 36, aikin mita 11.4 yake yi. Matso da shi mita 18, ya koma 10. Matso da shi mita 10, ya koma 7.7, ga shi mai bugun injin yana tsaye daidai inda bishiya za ta kwanta. Dokar aikin katako ta Amurka ninki biyu na tsawon bishiya ta sa tsakanin mai sara da sauran ma'aikata, kuma ban ga dalilin da zai sa mu rage ba. Wayar Tirfor mita 20 aka saba sayar da ita, saboda haka sai ka yi ƙari da igiya. A misalinmu layin gaba ɗaya mita 38 ne.

A cikin gari da wuya ka samu fili haka. Nan fuli, wato 'yar ƙafar ƙarfe mai juyawa da igiya ke bi ta kanta, yake shigowa: ɗaura shi a wani gindi da ke saitin inda za a ja, igiya ta bi ta cikinsa ta karya kwana zuwa gefe, inda winci yake a wajen hatsari. Sai dai abin da ke riƙe da fulin yana ɗaukar fiye da abin da ake ja. In igiyar ta yi kwanar digiri 90, ninki 1.4 ne. In ta juyo baya gaba ɗaya, ninki 2. Kuma cikin kwanar nan ba wurin tsayuwa ba ne, don in ɗamarar fulin ta tsinke, ta nan ƙarfen zai bi kamar an harba shi da majajjawa.

A jikin wadda za a kayar sama ake nema, a jikin wadda za ta riƙe winci kuwa can ƙasa, dab da saiwa, saboda sifanar nan dai: ba ka son ba wa injin damar tuge madogararsa. In tarakta ce madogarar, a ƙarfen ja na ƙasa ake ɗaurawa, in ba haka ba tana iya ɗaga gaba ta kife. Jan bishiya da mota a guje kuwa ban yarda da shi ba sam, fizga ce, kuma fizga ita ke yanke mariƙi.

Idan zarenka ya nuna karkatar gefe, kada ka dogara da layi ɗaya. Ko ka ɗan kautar da winci zuwa ɗaya gefen, ko, abin da ya fi, ka sa igiya ta biyu daga gefe, daidai layin mariƙi, wadda aikinta riƙewa ne kawai.

Waya ta ƙarfe tana ɗaukar wuta, jiƙaƙƙiyar igiya ma haka, kuma manyan layukan wuta masu kilobolt 11 da 33 ba sai an taɓa su ba suke tsallakowa. In akwai waya a cikin da'irar aikin, sai kamfanin wuta ya kashe layin tukuna.

Mataki na biyar: yanka da ja

Zaɓi safiya, lokacin da iska take kwance. Da hunturu ko in hadari ya haɗu, bari sai wata rana. Hular kwano a kai, a tare hanya, a kori yara nesa, don su ne ke fara taruwa da sun ji ƙarar zarto. Share hanyar gudu biyu ta baya, kowacce a karkace digiri 45 daga layin faɗuwa. Mutum ɗaya ne mai ba da umarni, shi ne mai zarto, kuma da hannu ko usur, don murya ba ta tsallake ƙarar inji.

Fara ɗame igiyar kafin zarto ya shiga, amma kaɗan, iyakar ta miƙe ganyen sama ya ɗan girgiza. Wannan gwaji ne ma: in gwafa za ta ba da kai, gara ta bayar yanzu. Kada ka wuce haka. Bishiyar da aka ɗame da ƙarfi sannan aka shiga yankan baya tana iya tsagewa a tsaye, ɓarin ya daki mai zarto a fuska, kuma turare gwani ne wajen wannan tsagewa. In kana shakka, ɗaure gangar da sarƙa sama kaɗan da wurin yanka.

Yanka baki mai zurfin kashi 1 cikin 5 zuwa 1 cikin 4 na kauri, santimita 10 zuwa 12 a bishiyarmu. Buɗe shi sosai, digiri 70 ko fiye, don mariƙi ya riƙe har ta kusa ƙasa. Yankan sama da na ƙasa su haɗu daidai, kada ɗaya ya zarce. Sannan yankan baya, daidai kusurwar bakin ko sama da ita da yatsa biyu. Da zarar wuri ya samu, buga weji na roba ko na itace, wato abu mai siririn baki da ake cusawa cikin yankan, a bayan zarto, biyu in hali ya yi. Igiya tana iya tsinkewa, madogara tana iya saki, wejin ne zai hana bishiyar komawa. Tsaya da yanka idan mariƙi ya kai kashi 1 cikin 10 na kauri, santimita 5 a nan, ka ma bar shi ya ɗan fi haka tunda da inji za a lanƙwasa shi. Kaurinsa ya zama ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan.

Zare zarto, kashe shi, ka bi hanyar gudu aƙalla mita 6, sannan ka ba da alama. Mai winci ya buga a hankali, bugu bayan bugu, idonsa a sama. Za ka ga yankan baya yana buɗe baki. In ana son ƙara tura weji, a dakatar da winci cak, mai zarto ya shiga ya buga ya fita, sannan a ci gaba.

Idan hannun injin ya yi tauri bishiya ba ta motsa ba, tsaya. Tirfor yana da wasu ƙananan fil a gindin hannunsa da aka yi su don su karye in nauyi ya wuce kima. Kada a maye gurbinsu da ƙusa, kada a zura wa hannun bututu, kada mutum biyu su hau kansa. Taurin nan saƙo ne: ko mariƙi ya yi kauri, ko rassanta sun sarƙe da na maƙwabciya, ko ɗaurin ya yi ƙasa. Wasu sukan sa fuli a jikin bishiyar su ninka ƙarfin ja, amma abin da ya ninku a igiya ya ninku a mariƙi. Ni na fi son a danne ta da weji sosai, a bar igiyar farko a ɗame, a jefa ta biyu mita 3 ko 4 sama da ita daga nesa. Abin da ba a yi shi ne a ci gaba da sirance mariƙi har ya ƙare.

Da zarar cibiyar nauyi ta tsallake mariƙi, igiya za ta yi sako-sako, winci ya gama nasa, ba ya iya cim mata balle ya juya ta. Mai winci ya saki hannun ya matsa gefe. Bayan ta kwanta a dakata kaɗan, don rassan da suka maƙale a bishiyoyin kusa sukan biyo baya. Sannan a duba layin kafin a taɓa ƙulli: gangar tana iya danne igiya ta bar ta a ɗame, to sai a sassauta daga injin da hannun baya, ba da wuƙa ba. Wajen naɗe wayar sa safar hannu ka bi ta taki-taki, in ka ga silin da ya tsinke ko wurin da ta murɗe ta yi gwiwa, ware ta daga kayan aiki tun a wurin.